Dawar da Ta Baro Gida

Shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa, Nasara bai daɗe da cin Sakkwato ba, manoma suka shiga neman iri, don yawancinsu sun cinye nasu. Arzika, wani manomi a Ƙofar Dundaye, ya dace da fatake daga ƙasar Nufe. Ya ba su rigarsa ta Juma'a, suka auna masa dawa fara, manya-manyan ƙwaya. Shi kuwa Allah ya yi shi da son abin da ya cika ido.

Matarsa Iyatu tana da ɗan irin gida da ta ɓoye a gora. Ya ce a daka wa yara. Ta dube shi, ta daka.

Damina ta yi kyau. Dawar ta tashi kamar ana janta, har ta fi mahayin doki tsawo, masu wucewa suna tsayawa kallo. Amma da ta maƙwabta ta yi ciki ta fid da kai, tasa sai ganye take ƙarawa. Ya maimaita noma, ya sa aka yi addu'a. Shiru.

Ya kira tsoho Sodangi, wanda ya yi fatauci kudu da ƙuruciya. Tsohon ya dubi karan, ya dubi sama.

"Arzika, dawagga lahiyatta lau. Dawa tsawon yini taka aunawa. Tamu, da rana ta hwara gajarta, ta san ruwa na shirin tahiya, sai ta yi gaugawa. Wagga jira takai yini shi ƙara ragewa, kamar can garinsu, inda ruwa ka wuce namu da wata guda."

"To, Baba, mi za ni yi?"

"Babu. Ba ta san ta baro gida ba."

Ruwa ya ɗauke. Bayan mako uku, da lissafinta ya cika, gonar duka ta fid da kai a tare, a kan busasshiyar ƙasa. Da kaka Arzika ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hura, ba abin da ya rage. Nan ya zauna ya yi kuka, kukan magidanci mai baki bakwai a gida, abin tausayi.

Ya sare karan ya yi danga mai kauri, don kada a hangi rumbunsa daga hanya. Sannan ya ɗauki sanda zai tafi cin rani. Iyatu ta rako shi zaure da goyo a bayanta.

"Maigida," ta ce, "in ka samu iri, ka tambayi garinsu."