Rediyon da Malam Jibril Ya Sayo

Shekara goma sha huɗu ke nan ina haɗa rediyo da sifika a motocin mutane a bakin Ƙofar Galadima, kuma har yau ba abin da ke ba ni haushi kamar mutum ya je ya sayo kayan gwanjo shi kaɗai, sannan ya kawo mini in yi masa siddabaru. Haka Malam Jibril na Kusfa ya yi mini ranar wata Litinin bayan azahar. Aminin marigayi mahaifina ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, ga taurin kai kamar me, amma ina son tsohon nan har raina.

Ya fito daga tsohuwar motarsa riƙe da rediyo a naɗe cikin jarida, sai ka ce tsire ya sayo.

"Rilwanu, sa mini wannan. Kafin ƙarfe huɗu."

Duk Kusfa an san abin da zai faru ƙarfe huɗu. 'Yarsa Hassana ta karanta shari'a a jami'a, nan Kongo cikin garinmu, yana ta shelar ya haifi lauya, sai ta kama aiki a gidan rediyo. Ya tsaya a tsakar gida ya ce kunnensa ba zai taɓa jin ta ba. To, ranar ce za ta fara karanta labarai, ga shi ba ya iya kunna rediyo a gida a gaban Hajiya Batulu, matarsa, ba tare da ya sha dariya ba. Na motarsa kuwa ya shekara uku da mutuwa.

Na juya rediyon, na ga rubutun Japan a bayansa. Na haɗa shi da batir a kan benci, na nuna masa lambobin tashoshin: daga saba'in da shida su hau zuwa casa'in, su komo farko.

"Baba, ɗan Japan ne. Tashoshinsu a nan suke ƙarewa. Wace tasha kake nema?"

"Kowace. Labaran duniya kawai."

"Har da wadda take can sama da ɗari?"

Ya juya yana kallon masu wucewa. "In ta shigo, ta shigo."

"Wannan dai ba zai kamo ta ba, ko za a kwana ana murɗawa."

Ya zauna a bakin benci, ya ɗora rediyonsa a cinya yana shafa shi. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na fasa tsiyar da na shirya yi masa.

Na sunkuya na jawo wani daga ƙarƙashin benci, shi ma ɗan gwanjo, amma na Turai, mai kama tashoshinmu duka. Hassana ce ta zo satin da ya wuce ta zaɓe shi da kanta, ta ce in ajiye, Baba zai zo, kuma kada in ce ita ce. Na ce masa wani ne ya bari.

Na shiga motar. Wayoyin ciki duk wani gwani ya taɓa yanka su ya naɗe da leda, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na gano ta wuta da ta sifika, shi kuma yana tsaye a kaina yana karanta mini agogo. Huɗu saura minti uku na tura rediyon ya zauna daram, na kamo tashar su Hassana.

Da muryarta ta fito da sallama, sai ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Tana sauri," ya ce. Can kuma ya ce, "Ƙara sautin."

Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga, ya mayar. A nan idonsa ya sauka kan 'yar farar takarda da ke manne a gefen rediyon, an rubuta lambar tashar da biro. Na manta ban cire ba. Mutumin da ya koya mata riƙe biro ba zai kasa gane rubutunta ba.

Na kai farce zan ɓare, ya kama hannuna.

"Bar ta a nan, Rilwanu. Ina mantuwa yanzu."