Ratsen Tafki

…da bai juya kan motar ba. Shi ke nan abin da ke ta kai-komo a zuciyar Tanimu. Hanyar Agadas ga ta miƙe sambal, sai wani ɗan sawun raƙuma da ya yi hagu cikin duwatsu, shi kuma ya bi. Wa ya tilasta shi? Tsohonsa ne kawai ya dafa masa gwiwa ya ce, "In mun wuce rijiyar Buzaye ka ratse, in ga ruwan nan sau ɗaya."

Sau ɗaya… Yanzu ga kamyo, babbar motar, can ƙasa ta kafe cikin rairayin ƙorama, ta nutse har ciki, da buhunan geron Alhaji Kimba a kanta. Ya haƙa, ya shimfiɗa ƙirare, ya sake haƙa. Tafin hannunsa duk ya saluɓe. Yau Laraba. Gobe Alhamis da hantsi likitan idon da zai duba Baba zai bar Agadas, jirgi zai ɗauke shi, sai kuma wata shekara — in ma ya dawo.

Takardar tana nan a aljihu, gumi ya jiƙa ta. Malamin asibitin Dakoro ne ya rubuta, a ƙarƙashin sabuwar tutar nan da ba ta ko koɗe ba. Yanar ido ce kawai, in ji shi, ana yaye ta. Amma a hanzarta, tun Baba na ganin haske.

Kwana uku suna tafe. Bader Gula, daji, daji, ƙaya… Ladidi ƙanwarsa a bakin tasha tana ɗaure wa Baba guzurin dakkwale a tsumma. "Yaya, kada ka biye mishi. Ka san halinshi." Ya sani mana. Wane ne a Dakoro bai san Mijinyawa madugu ba, mutumin da ya yi shekara talatin yana gaban ayari, ba a taɓa ce masa a'a ba? To yaya ɗan da ya haifa zai fara?

Ga su suna hawa da ƙafa, tunda motar ta ƙi. Hannun Baba a kafaɗarsa, ba nauyi. Yaushe ya rame haka? Da hannun nan kaɗai fa ya taɓa ɗaga shi ya aza a kan amalen raƙumi, yana ta kuka, Inna na dariya a ƙofar gida… Inna. Da tana raye da ita ce za ta ce a'a.

Dutse ya tsage biyu, suka kutsa ta tsakani. Sai ruwa.

Ashe da gaske ne. Tun yana ƙarami yake jin labarin, shekarar da ƙishirwa ta kashe wa ayarin Baba raƙuma goma sha ɗaya, wani Buzu ya ja su nan. Shi ya ɗauka irin ƙarin gishirin tsofaffi ne. Ga shi kuwa kwance tsakanin baƙaƙen duwatsu, kore shar, ko motsi ba ya yi, sama gaba ɗaya a cikinsa. Kurciyoyi a gefe suna sha. Sanyi na tasowa yana shafar fuska. Me zai yi da wannan kyau? Zai tura masa mota? Ko da an sami raƙumi yanzu-yanzu — kwana biyu ne zuwa Agadas. Ya lissafa ta gaba, ya lissafa ta baya. Alhamis ba ta matsawa.

Baba ya saki kafaɗarsa. Ya yi taku biyu shi kaɗai, ya gyara rawani, ya tsaya ƙyam irin tsayuwarsa ta da.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali. "Yana nan yadda na baro shi. Ka ga korensa, Tanimu?"

Bangon dutse yake kallo. Ruwan na bayansa.

Rana tsaka, haske ko'ina, walƙiyar ruwa har tana kashe ido, shi kuwa ko ƙiftawa… Tun yaushe? Ran da malamin asibiti ya ɗaga fitila ya ce kana gani, Baba ya ce ƙwarai — ashe zafinta ya ji? Su kuma suna murna, suna haɗa guzuri. Shi Baba ya san ba likita ya fito nema ba. Ya sani tun daga gida.

"Na gani, Baba."

Tanimu ya ɗaga hannuwa biyu zai kama kafaɗun tsohon. Juyi ɗaya ne, ɗan kaɗan, ya fuskanci ruwan. Amma in ya juya shi, ya gaya masa ke nan ya gane. In kuma ya bar shi…

Baba na ta murmushi ga dutse. Hannuwan Tanimu na nan a sama, sun kasa sauka.