Fim Ɗin da Ba Na Bari Ya Ƙare

Jiya bayan la'asar barci ya sace ni a kan tabarma, na yi wani mafarki. Na tsinci kaina a wani tsohon gidan silima marar rufi. Ruwan sama na tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, ya jiƙa mini tafin ƙafa, ɗankwalina a bushe.

A bakin ƙofa wani bunsuru ne zaune a tebur, sanye da tabarau, yana tauna tikiti.

"Ke ce uwar Hindatu?" in ji shi. "Ke ake jira. Fim ɗin nan ya dace da yara ko bai dace ba?"

Na san fim ɗin. Tsohon fim ɗin Indiya ne, na saurayi da budurwar da aka hana su juna, a ƙarshe suka faɗa kogi tare. 'Yata Hindatu, 'yar firamare, tana mutuwar son waƙoƙinsa. Ni kuwa da na ga sun doshi kogin nan sai in lallaɓa in zare waya daga soket, in ce an ɗauke wuta. Har yabon kaina nake kan wannan dabara.

"Bai dace ba," na ce.

"To shiga ki gaya musu da bakinki."

A ciki yara ne cike da benci, duk sun juya wa majigin baya. Babu mai ƙifta ido, babu mai tari.

Sai ga ni a bakin kogin. Masoyan na tsaye riƙe da hannun juna, ƙafa ɗaya a sama. Sun tsufa tukuf. Furfurar budurwar ta kai ƙasa, tururuwa na hawa.

"Baiwar Allah," in ji ta da Hausa tsantsa, "ƙafata ta yi tsami. Kullum muka zo nan sai ki kashe mana rana."

"Hindatu yarinya ce," na ce. "Ba za ta iya ba."

"Kin tambaye ta?"

Sai na hango wani mutum zaune a kan dutse a bayansu, da jakar tafiya a cinya. Sabi'u ne, mijina. Da daminar bara aka binne shi, ni kuma na gaya wa Hindatu ya tafi Legas aiki. Takalminsa ɗaure, hularsa ta yi ƙura. Tsoro da kewa suka taso mini lokaci guda.

"Laure," ya ce a hankali, "kin ce mata na yi tafiya. To ga ni, ba a bar ni na tafi ba."

"In ta sani, zuciyarta za ta fashe."

"Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta fita da gudu. Ina jin sawunta daga nan."

Bunsurun ya leƙo ta cikin ruwan kogin. "Hajiya, ya dace ko bai dace ba? Za mu tashi daga aiki."

Na buɗe baki, sai fankar ɗakina ta yi ƙara ƙiii, an kawo wuta. Na farka. Hindatu na tsaye a kaina da faifan fim ɗin a hannu.

"Mama, yau ma za a ɗauke wuta?"

Na ja ta na zaunar a cinyata, nesa da soket.

"Yau har ƙarshe za mu kalla," na ce. "In ya ƙare, zan gaya miki inda Babanki yake."