Inda Aka Tsinci Kwale-kwalen Peni

Ni da Malakai tare muka taso a tsibirinmu na Ha'apai, ƙofar gidansu na kallon ta namu. Ni na bi ubana na zama masunci, shi kuma ya zama mai koyar da mawaƙan coci. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsayawa a gabansu da ɗan siririn sandansa. Kunnensa ba ya yafe kuskure. Mutum arba'in na rera waƙa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Lisiate, yabon Ubangiji muke yi, ba kiran aladu ba." Ni ne Lisiate ɗin, kuma ban taɓa yin fushi ba, don gaskiyarsa ce.

'Ya'yansa mata uku duk sun yi aure a babban tsibiri. Namiji ɗaya Allah ya ba shi, Penisimani, da kowa ke kira Peni. Shekararsa ashirin da shida, dogo, mai yawan dariya. A watan Mayu ya fita kamun kifi shi kaɗai, wajen tsakar rana iska ta juya, bai dawo ba. Kwana huɗu duk mai kwale-kwale a tsibirin yana kan ruwa. Ni na tsinci nasa, can gaba da duwatsun murjani, yana yawo a tsaye lafiya lau. Takalmansa na ciki, gorar ruwansa na ciki, igiyar ƙugiya na ja a baya. Shi ne kawai babu.

Muka sa baƙaƙen kaya, muka ɗaura tsofaffin tabarmi a ƙugu kamar yadda al'adar makokinmu take, mata suka yi kwanaki suna dafa doya da gwaza wa masu zuwa gaisuwa. Amma babu gawa, don haka babu kabari. Sauran iyaye in sun yi rashi suna da tudun farin yashi da za su share, su yi masa ado da furanni. Malakai da matarsa Heilala ba su da ko wannan.

Malakai ya daina zuwa coci. In an buga gangar katako ta kiran ibada ranar Lahadi, sai ya shige bayan gida ya zauna a gindin ayaba. Fasto ya zo sau biyu. Malakai ya shimfiɗa masa tabarma, ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Na gode, Fasto," ya raka shi ƙofa. Ni ma na gwada. Na ce masa mawaƙa sun watse kamar kajin da aka jefa wa dutse. Ya ce, "To ka koya musu kai." Ko murmushi bai yi ba.

Wata safiya cikin Agusta, ina ɗinkin raga a bakin ruwa, sai ga shi tsaye a kaina.

"Tashi, tsoho. Ka kai ni wurin."

"Wane wuri?"

"Kada ka raina mini hankali. Kai ka tsinci kwale-kwalensa, kai ka san wurin."

Na ce masa babu abin da zai gani sai ruwa. Ya ce ya sani. Muna tura kwale-kwale sai ga Heilala ta biyo mu, riƙe da sarƙar furanni da ta kitsa. Malakai ya ce, "Ina za ki?" Ta ce, "Baban Peni, kai kaɗai ka haife shi?" Ta tattare zaninta ta shiga, ta zauna a tsakiya.

Mun yi fiye da awa guda muna tafiya. Sanyi ake yi, sama garau, teku kwance. Da na daidaita tsaunin tsibirin da ke kudu da bakin duwatsun, na kashe inji na ce, "Nan ne, ko kusa da nan."

Malakai ya daɗe yana kallon ruwan, wanda a wurin shuɗi ne har ya koma kamar baƙi. Sai ya miƙe tsaye. Na ce ya zauna kada ya kifar da mu, bai ji ba. Ya ɗaga kai sama ya fara magana, da irin muryar da yake yi wa mawaƙa faɗa.

"Shekara talatin da ɗaya ina tara maka mutane suna yi maka waƙa. Ban taɓa cewa ka biya ni ba. Ɗa ɗaya! Ko gawarsa ba ka bar mini ba. Ina yake? Ka san ma inda yake? Wannan rami mai duhu, kana kallon cikinsa kuwa?"

Ban taɓa jin an yi wa Allah magana haka ba. Na dubi Heilala, na ga ko motsi ba ta yi ba, hannayenta na kan furannin. Malakai ya yi ta yi har muryarsa ta dushe, sannan ya zube a kan katako ya rufe fuska.

A tafin ƙafata na fara jin abin. Katakon ƙasan kwale-kwalen na rawa a hankali, kamar an taɓa babbar ganga daga nesa. Sai sauti ya biyo baya, mai kauri, mai tsawo, yana tasowa daga ƙarƙashinmu. Ya hau sama siriri kamar kukan jariri, ya sauko har na ji shi a haƙarƙarina. Tofua'a ne, manyan kifayen nan da ke zuwa ruwanmu haihuwa lokacin sanyi. Shekara hamsin ina kan teku, na sha jin kukansu daga nesa, amma ban taɓa zama daidai kan mai rerawa ba. Kwale-kwalen gaba ɗaya ya zama kamar cikin ƙirjinsa.

Malakai ya sauke hannu daga fuskarsa. Ya durƙusa, ya manna kunnensa da katako, ya tsaya a haka kamar mai sujada. Can ya ce cikin raɗa, "Lisiate, ba kuka ba ne. Ji, ya koma farko. Yana maimaita baiti." Ya ɗaga yatsa yana bin sautin. "Ga shi nan kuma. Wallahi a tsare yake. Wa ya koya masa?"

Tsigar jikina duk ta tashi.

Sai ruwan da ke gefenmu ya buɗe. Wani baƙin baya ya taso, ya fi kwale-kwalena tsawo sau uku, ruwa na zubowa daga kansa. Uwa ce, ga ɗanta manne da gefenta, shi kansa ya kai girman kwale-kwalen. Ta fesa numfashi, feshin ya sauko mana a fuska da ɗumi da ƙarni. Ta juya kaɗan, na ga idonta, ƙarami a wannan uban jiki, yana kallonmu. Da ta so, da wutsiya ɗaya ta gama da mu. Ta sa kai ƙarƙashin ɗan ta tallafe shi ya shaƙi iska, sannan suka nutse tare, ruwan ya rufe kamar ba a taɓa buɗe shi ba. A ƙasa kuwa mai waƙar bai fasa ba.

Heilala ce ta fara magana. Ta ce, "Baban Peni, wata uku ina mafarkin yaron nan shi kaɗai a cikin duhu, ba kowa. Ashe can ƙasan ma akwai masu yi wa Ubangiji waƙa." Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa. "Yesu ya shiga kabari ya fito. Ranar da zai kira sunan Peni, ruwan nan bai isa ya riƙe shi ba."

Malakai bai ɗago ba. Kafaɗunsa suka fara girgiza, ya fashe da kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar da na jawo kwale-kwalen ɗansa zuwa gaɓa. Cikin kukan na ji yana cewa, "Ka san wurin. Ubangiji, ka san wurin. Ka gafarta mini bakina." Heilala ta ɗora sarƙar furannin a kan ruwa, ta kama wata tsohuwar waƙar tashin matattu da muke yi ranar Ista. Ta yi baiti ɗaya ita kaɗai. A na biyu Malakai ya shigo ƙasa-ƙasa, muryarsa a fashe. Ni na sunkuyar da kai ina cewa amin.

Ba zan ce ya warke a ranar ba. Har yau akwai safiyar da Heilala ke samunsa zaune ya yi shiru, sai ta zauna kusa da shi ta kama hannunsa su yi addu'a. Amma a hanyarmu ta komawa, yana zaune a gaba iska na dukan fuskarsa, ya juyo ya ce, "Kun tuna ranar da Peni ya saka ƙaguwa a aljihun rigar tsohon Fasto?"

Heilala ta ce, "Yana ɗan shekara bakwai. Kai ka zane shi."

"Na zane shi, sannan na zagaya bayan coci na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ban taɓa gaya masa ba."

Muka yi dariya mu uku muna share ido. Daga nan labari ya kama labari, ita ta kawo nata, ni na kawo nawa, har ƙasan kwale-kwalen ya gogi yashi ba mu gama ba.