Ɗanyar Gyaɗar Malam Muntaka

Yara sittin da ɗaya, benci tara, kuma babu ko ɗaya da ke zaune. Haka Malam Muntaka ya tarar da aji biyar ranar da ya zo riƙon ƙwarya a madadin malamarsu da ta tafi haihuwa. Wasu na kokawa a bayan aji, wasu sun cunkushe a taga suna ta leƙen sama kamar an aike su.

Hedimasta bai ɓoye masa komai ba. "Sufeto zai zo nan da mako biyu. In ya tarar da ajin nan cike kuma a natse, zan miƙa sunanka a ɗauke ka aiki. In ba haka ba, to, ka san hanyar Bacirawa."

Ya san ta kuwa. Shekara uku ke nan da gama kwalejinsa a Bici yana zaune a gidan yayansa da ke Bacirawa a Kano, har gaisuwar safe ta fara yi masa nauyi.

Ya gwada tsawa, muryarsa ta dushe. Ya gwada bulala, washegari rabin aji bai zo ba. Sai ya sayo soyayyiyar gyaɗa a bakin tasha, ya ce duk wanda ya zauna shiru har a tashi yana da cikin tafi. A shekarar da gidaje da yawa ke kwana da kunu tsararo, wannan ba abin rainawa ba ne. Aka ɗan lafa.

Rana ta uku wata siririyar yarinya mai suna Hure ta ƙi miƙa hannu.

"Malam, don Allah babu ɗanya?"

"Ɗanya kuma? Soyayyiyar ce ba ki so?"

"Ina so mana." Ta sunkuyar da kai. "Ɗanyar dai ta fi."

Shi ɗan birni, me ya sani? Ranar kasuwar Ɗambatta ya sayar da agogonsa, ya auno ɗanyar gyaɗa.

Tabɗi! Ajin da ya gagari kowa ya koma kamar masallaci. Har waɗanda bulala ta kora suka dawo. Babu mai tauna ko ƙwara ɗaya, kowa sai ya ƙulle tasa a bakin hijabi ko ya cusa a aljihu, Malam Muntaka kuwa ya ɗauka ladabi ne. Duk da haka hankalinsa ya ƙi kwanciya, kullum yana kaiwa da komowa a gaban allo yana ƙirga kwanaki.

Ranar Talata da la'asar hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ranar Laraba sufeto ya iso a kan babur, ya leƙa aji biyar. Benci tara babu yaro ko ɗaya, sai Malam Muntaka a tsaye da ledar gyaɗa a hannu. Sufeto ya yi ɗan rubutu, ya wuce aji shida.

Hedimasta ya ja Malam Muntaka gefe. "Gero sun shuka tun ruwan fari. Irin gyaɗa ne babu, yunwa ta sa an cinye. Shi ya sa kake ganin sauran azuzuwan a cike. Kai naka, Malam, wa ya ba su iri?"

Malam Muntaka ya juya. Ya fita ya kama hanyar titi ta cikin gonaki, zuciyarsa na tafasa, kuka kawai yake son yi. Ga su nan ko'ina, 'yan ajinsa, kowa a bayan ubansa. Uban na saran ƙasa da sungumi, yaron na jefa ƙwara biyu yana rufewa da diddige. Babu kokawa, babu surutu.

Hure ta hango shi. Ta ɗaga hannu sama yadda ya koya musu.

"Malam! Tawa layi huɗu ta yi! Saura kaɗan ta kai iyaka!"

Ya tsaya yana kallon ramukan da uban ya sara, buɗe, babu abin jefawa. Can a titi motar Kano na ta hon.

Ya kwance bakin ledar.

"Miƙo hannu," ya ce.