Kallo ta Bayan Katanga

"Direba, taka a hankali, ƙwai na ɗauko!"

Sagiru mai gabatarwa bai gama rufe baki ba Rakiya ta buga ƙararrawar da ke gabanta, har teburin ya girgiza.

"Tashar Kuka," in ji ta. "Tsohuwar da ke zama gidan gaba ce take faɗa. Kuma ba ƙwai ba ne a kwandon, goro ne."

Zauren ya ɗauki tafi. Gasar ta wani gidan rediyo ce a Dutse, ana yin ta duk Asabar da hantsi a gaban jama'a. A faɗi maganar da wani ɗan wasa ya saba maimaitawa a wasannin talabijin na da, kai kuma ka faɗi sunan wasan. Mutum goma sha biyu ne suka fara, yau saura biyu. A gefen dandamali ga kyautar gasar, keken ɗinki sabo dal, ko ledarsa ba a cire ba, kuma tun safe Rakiya ke satar kallonsa kamar mai azumi da randar ruwan sanyi. Ba don kanta take so ba, ita sana'arta ƙosai ce a bakin tasha. 'Yarta Mashkura ce ta gama koyon ɗinki wata biyar ke nan, tana zaune a gida da almakashi da tef, babu keke.

Abokin karawarta Alhaji Nata'ala ne, tsohon ma'aikaci daga Ringim, mutumin da ba ya amsa tambaya sai ya biyo ta tarihin gidansu. A cewarsa mahaifinsa ne ya fara kawo talabijin unguwarsu, kuma ya faɗi hakan sau uku kafin a shiga zagaye na biyu. Amma a ba shi haƙƙinsa, ya san abin.

"A sauke buhun, a sake awo!" in ji Sagiru.

"Rumfar Mai Awo," Alhaji ya amsa yana gyara hula. "A gabana aka fara shi. Kuma a kan kujera nake kallo, ba tabarma ba."

Haka aka yi ta fafatawa har tambayoyi suka ƙare, aka tashi kunnen doki, tara da tara.

"To jama'a, ga raba-gardama," in ji Sagiru. Ya karkace baki ya ce, "Ni dai ban gani ba, hula ce ta rufe min ido!"

Tun kafin ya ƙarasa zauren ya amsa baki ɗaya, "Maigadin Kasuwa!"

"Kun gani? Kowa ya sani, don haka ba sunan wasan muke nema ba. Mai maganar yana nan da ransa, kuma yana cikin dattawan nan uku. Ba za su ce uffan ba. Alhaji, Hajiya, ku nuna mana shi."

Aka shigo da dattawa uku aka zaunar a kan kujeru. Na dama dogo ne mai farin gemu, na tsakiya ƙato mai tumbi, na hagu kuwa ɗan tsamurmurin tsoho ne da sandarsa.

Akwai abin da Rakiya ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Mashkura. Ita ba ta taɓa kallon ko ɗaya daga cikin wasannin nan ba. A Miga ta tashi, kuma talabijin ɗaya ce a duk layinsu, ta gidan maƙwabcinsu Alhaji Mailafiya, da batirin mota ake kunna ta. Maza da samari su cika tsakar gidan, su kuwa 'yan mata mahaifinta ya ce ko ƙofa kada su taka. Sai dai katanga ɗaya ce ta raba gidajen. Nan take jingina da tiren gyaɗa tana ɓara, kunnenta a jikin bango, shekara da shekaru. Ta san muryar kowa, ba ta san fuskar kowa ba.

Alhaji Nata'ala ko tsayawa tunani bai yi ba. "Na tsakiya," ya ce. "Wannan tumbin ko a mafarki na gan shi zan gane shi."

"An rubuta. Hajiya fa?"

Rakiya ta dubi keken, ta dubi Mashkura a layin gaba ta haɗa hannu biyu a ƙirji. Ƙarya ba za ta fisshe ta ba, sai kawai ta ja makirufo.

"Gaskiya ɗaya ce, ɗan nan. Ni ban taɓa ganinsa ba. Ta bayan katanga na yi nawa kallon."

Dariya ta ɓarke. Mashkura ta rufe fuska da mayafi. Alhaji Nata'ala har da buga cinya.

"To baiwar Allah, me ya kawo ki gasar 'yan kallo?"

"Tara da tara fa muka yi, Alhaji. Kai da kujerarka, ni da katangata."

Wannan karon dariyar ta koma kansa, shi ma ya taya su. Rakiya ta roƙi a bar ta ta juya wa dattawan baya, a kuma yi mata shiru. Sagiru ya ɗaga kafaɗa, ya ce doka ba ta hana ba, amma daƙiƙa goma kawai gare ta. Ta juya, ta rufe ido. Ba a jin komai sai ƙarar fanka.

Ta tuna yadda abin yake zuwa kowane mako. Sarkin kasuwa zai daka tsawa, maigadi ya ba da amsarsa, gidan Mailafiya ya kece da dariya. Amma tsakanin tsawar da amsar akwai wani ɗan abu da take ji, wanda masu kallo ba su damu da shi ba, don idonsu na kan hular. Ta cika ƙirji da iska, ta kwaikwayi muryar sarkin kasuwa da dukan ƙarfinta.

"Maigadi! Wa ya buɗe rumfar nan?"

Daga bayanta wani ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi na farko tsawo. Sai kuma ya yi tsit, kamar wanda ya tuna an hana shi magana.

Ba ta juyo ba, ta miƙa hannu baya ta nuna inda sautin ya fito. "Wannan. Mai sanda."

Sagiru ya yi tsalle. "Malam Uwaisu daga Aujara! Shi ne!"

Zauren ya hargitse da tafi da guɗa. Alhaji Nata'ala ya miƙe baki buɗe. "Haba Malam! Ina tumbin?"

"Filo ne, Alhaji," in ji tsohon yana dariya har da hawaye. "Filo biyu matata take cusa min a riga. Shekara arba'in ina yawo a kasuwanni ba wanda ya gane ni."

"Wallahi ta ci," in ji Alhaji, ya shiga tafi da gaske. "Ni filo na yi ta kallo ashe."

Mashkura ta riga ta haye dandamali ta rungume keken, tana kuka tana dariya, tana shafa ledar. Rakiya kuwa sai a lokacin ta juyo. Malam Uwaisu ya dogara sandarsa ya tako har gabanta.

"To 'yata, ga ni. Yaya kika gan ni?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ɗago ta dube shi sosai: manyan kunnuwa, giɓi a baki, idanu masu wasa. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

"Baba, na ɗauka za ka fi haka girma."

"Kowa haka ya ɗauka. Ke kaɗai ce filon bai ruɗa ba." Ya jawo hularsa ta sauko har kan hanci, ya yi gyaran murya sau biyu, ya faɗi maganar tasa, ita kaɗai yake fuskanta.

"Umma!" Mashkura ta kira daga bakin ƙofa. "An ɗora keken, mai adaidaita yana jira."

"Ya jira," in ji Rakiya, ba ta ko waiwaya ba. "Kallo nake."