Kunnen Ƙugiyar Telmo

Shekara goma sha ɗaya ke nan Eladio bai jefa ƙugiya mai kunne cikin kogin Parana ba. Duk ƙugiyar da ta shigo jirginsa, tasa ce ko ta baƙon da ya ɗauke shi yawon fatsa, sai ya sa filaya ya matse ɗan tsinin nan mai juyowa baya da ke hana kifi kuɓucewa, ya shafa da babban yatsa ya ji sumul, sannan a ɗaura. Baƙi daga birni sun sha gunaguni, wasu har sun koma jirgin wani. Bai taɓa ba kowa haƙuri ba.

Ba da tausayin kifi aka haife shi ba. Shi da yayansa Telmo sun kashe dorado, babban kifin nan mai ruwan zinariya, iya kashewa, hotunansu na nan a bangon shagon bakin ruwa, su biyu suna washe baki, kifaye rataye a bayansu. Da hukuma ta ce a riƙa mayar da dorado ruwa, Eladio ya bi doka kamar kowa: a kama, a fizge ƙugiya, a jefa. Sai wata safiya ya tarar da uwar kifin da ya saki jiya kwance a kan yashi, muƙamuƙi a yage, ciki fal ƙwai, tsuntsaye har sun cire idanun. Da tabon wutsiyarta ya gane ta. A ranar ya fahimci cewa sakin da suke yi suna ne kawai, ya je ya sayo filaya.

Telmo kuwa ya samu abin tsokana. Shi ya laƙaba masa Fadan Kifaye, wato limamin cocin kifaye, sunan ya bi shi har cikin coci. A cewarsa, wanda zai matse kunnen ƙugiya gara ya zauna gida ya riƙa ɗaga wa kifi hannu ta taga. Kuma a gaskiya zancensa ba shirme ba ne duka, don dorado ba ya cin ƙugiya ya kwanta. Tsalle yake yi ya girgiza kai a sama, in zare ya yi sako-sako ko da na ƙiftawar ido ne, ƙugiya marar kunne ta fice ke nan. Hannun mutum kaɗai ke riƙe da shi.

To hannun ne Telmo ya rasa. Ciwon sukari ya fara da idanunsa, ya gangara ƙoda, ya bar masa yatsu suna rawa har ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke sha, sai an riƙe masa. Da likita ya ce wa Zulma, 'yar Telmo, ta kai shi gida ya huta, babu wanda bai san irin hutun da ake nufi ba. Abu ɗaya Telmo ya roƙa, a kai shi kogi ya ja dorado ɗaya kafin ya tafi. Zulma ta yi faɗa, ta yi kuka, daga ƙarshe ta ba su awa uku.

Da safen ranar Eladio ya ɗauko tsohon kifin katakon yaudarar dorado da Telmo ya sassaƙa tun suna samari, wanda haƙoran dorado suka gama zane masa jiki, ya saka masa sabuwar ƙugiya a wutsiya. Ya ɗauki filaya. Ya daɗe riƙe da ita. Ya tuna yadda cokali ke karkarwa a hannun yayansa, ya san ko minti biyu ba zai iya riƙe zare a miƙe ba. Kifi ɗaya ne, in ji shi a ransa, kifi ɗaya a kan mutumin da ya koya masa iyo, ya koya masa tuƙi, ya tsaya masa ranar aurensa. Ya mayar da filayar cikin akwatin kayan fatsa na jirgi, kunnen yana nan tsaye. Kunya ta kama shi kamar wanda ya ɗauki abin wani, amma bai fasa ba.

Eladio ya ɗauki Telmo cak daga mota zuwa jirgi, abin da ya fi ba shi tsoro shi ne rashin nauyinsa. Telmo yana zama ya ce a miƙo masa kifin katakonsa su gaisa. Eladio ya ɗan yi jinkiri, sannan ya miƙa, ya ce ya kula da ƙugiya. Telmo ya bi jikin katakon da yatsu, yana faɗin wane tabo wace shekara, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Can sai ya tambayi ruwan zafi. Ashe Zulma ta wuce gida da fulas ɗin a mota.

"Ni ba na shiga kogi babu mate. Je ka karɓo, Fada, ƙafafunka kai lafiyarsu lau."

Hawa da sauka ya ci wa Eladio kusan minti goma sha biyar. Da ya dawo ya tarar da Telmo ya jiƙe da gumi yana haki, kifin katakon kuma har ya zura shi ruwa a gefen jirgi. Hankalin Eladio ya tashi, ya ce ko su haƙura sai gobe. Telmo ya ce goben wa, ya tayar da inji kawai.

Suka saki zare ya yi nisa a baya, inji na tafiya a hankali, suna jan kifin katakon ta gefen duwatsun da ruwa ke karyewa a kansu. Telmo ya rungume sandar fatsa, gindinta a cinyarsa. Ba ya gani, amma bakinsa bai mutu ba. Da kunne yake auna hanya, yana cewa an yi nisa da dutse, an cika sauri, wai shekara arba'in har yau yaron nan bai iya tuƙi ba. Yaron da ake magana shekararsa sittin da biyu. Suka haura, suka juyo, suka sake haurawa. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Eladio ya ɓantaro masa cipa, ɗan burodin rogo, ya tauna kaɗan ya ajiye. Ya riƙe masa ƙoƙon mate ya zuƙa sau biyu. A ɓoye yake duba agogo, duk da ya san ba ganinsa ake yi ba.

Saura minti arba'in sandar ta lanƙwashe, zare ya ɗauki ƙara.

Eladio ya miƙa hannu zai tallafa, Telmo ya ji motsinsa ya ce, "Ka taɓa sandar nan, ba ni ba kai."

Sai Eladio ya koma kan inji. Can baya kifin ya tashi sama, jikinsa kamar an wanke tagulla, ya girgiza kai ya faɗa. Zare bai saki ba. Eladio ya ce a ransa kunnen ne ya riƙe, ya ji daɗi ya kuma ji haushin kansa a lokaci guda. Duk da haka hannunsa ya ci gaba da aikin da ya saba, in kifin ya nufo jirgi ya ƙara wuta don zare ya miƙe, in ya ja baya ya sassauta. Telmo kuwa tun kafin kifin ya yi tsalle yake jin alamar a zare, sai ya ɗaga sandar ya matse ta a ƙirji, haƙora a cije, jijiyoyin wuya sun fito. Yana naɗe zare kaɗan-kaɗan, ya huta, ya sake. Tsalle na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Eladio bai taɓa ganin mutum ya kwashe duk abin da ya rage masa ya zuba a abu ɗaya haka ba.

Kifin ya zo dab da jirgi, har ana ganin baƙin layin da ke wutsiyarsa. Eladio ya durƙusa ya miƙa hannu. A nan hannun hagun Telmo ya saki, kan sandar ya sunkuya, zare ya yi laushi. Kifin ya girgiza kai sau ɗaya, kifin katako ya yi tsalle ya bugi gefen jirgi. Ruwa ya rufe.

Eladio ya kasa yarda. Ya jawo katakon da sauri ya duba ƙugiya. Kunnen a kwance yake, a karkace, duk jikin ƙarfen ya sha karcewar filayar da ta yi ta zamewa. Ya ɗaga kai. Filayar tana nan ƙarƙashin cinyar Telmo, a tafin hannunsa kuma akwai busasshen jini.

"Yaya, me ya sa?"

Sai da numfashin Telmo ya daidaita sannan ya amsa. "Ido na rasa, ba yatsa ba. Shekara goma sha ɗaya ina zaginka ka ƙi ji, sai yau da ka ga zan mutu za ka ba ni gaskiya? Ba na so. Da kunnen nan yana nan, da yanzu kifin na cikin jirgi, amma da ƙarfe ne ya kama shi, ni ina zaune kamar buhu."

 Hawaye ne kawai ke zubo wa Eladio, ya gode wa Allah da ba a ganinsa, ko da yake ya san ana ji.

Telmo ya tambaya minti nawa ya riƙe shi. Eladio ya duba agogo ya ce goma sha tara. Ya tambayi girmansa. Eladio ya buɗe baki zai ce kilo ashirin, kamar yadda kowane masunci zai faɗa a kan kifin da ya tsere, balle ga makaho.

"Gaskiya, Fada."

"Sha biyu. Ƙila sha uku."

"Sha biyu," in ji Telmo, ya jingina kansa, yana murmushi. "Kai ni gida kafin 'yar nan ta cinye ka."

Bayan kwana tara ya rasu. A wurin zaman makoki masunta suka cika tsakar gidan, ƙoƙon mate yana zagayawa, labarin kifin kuma yana ta ƙara ƙiba. Wani ya ce kilo ashirin ne, wani ya rantse ya kai talatin, wani ma ya ce sai da aka shigo da shi jirgi aka sumbace shi kafin a sake shi. Don girmama mamacin suke yi, haka aka saba, kuma ba wanda ke gyara wa wani a irin wannan rana. Amma Eladio bai bar ko ɗaya ta wuce ba. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya, har wasu suka ga rashin kyautawarsa, yana faɗa musu kilo sha biyu ne, bai shigo jirgi ba, kuma minti goma sha tara yayansa ya riƙe shi da ƙugiya marar kunne.